Tsawon Igiya da Ƙarfin Ja: Daga Garmar Shanu zuwa Laimar Teku

Tun da Ma'aikatar Gona ta shigo da noman shanu Arewa a ƙarshen shekarun 1920, manoman Dambatta da Bichi suka fahimci wani abu da masana kimiyya suke dogon lissafi a kansa, watau tsawon sarƙar da ta haɗa karkiya da garma shi ne yake hukunta yadda huɗa za ta kasance. Idan sarƙa ta yi tsawo, ja yakan kwanta kusa da ƙasa, bakin garma ya nutse, kunya ta tashi sosai, amma bijimai su jigata, juyawa kuma a bakin gona ta yi wuya. Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne a ƙasar da gonaki suke ƙanana, iyaka na gogar iyaka, taku ɗaya na kuskure sai a shiga geron maƙwabci. Idan kuwa aka gajarta ta ainun, bakin garma yakan ɗago yana kartar ƙasa kawai, har ya yanki dugadugan shanu.

Irin wannan ciniki ne masu wasan laimar iska suke yi a teku, inda mutum yake tsayawa bisa allo, wata babbar laima tana jansa a kan ruwa. Wasu 'yan'uwa biyu Faransawa, Bruno da Dominique Legaignoux, su suka yi rajistar laimar da ake hura wa iska a 1984, wasan kuma ya shiga gasar Olamfik a 2024. Igiyoyin da aka saba da su ba su wuce mita 20 zuwa 24 ba. Ranar da iska ta yi sanyi akan ƙara su zuwa 27, saboda iskar sama ta fi ta ƙasa ƙarfi da daidaito, kuma laima takan sami fili mai faɗi da za ta yi shawagi ta tara gudu. Gudun nan kuwa shi ne ƙarfinta. Sai dai doguwar igiya tana da nauyin kai. Takan yi lanƙwasa, iska na tokare ta, umurnin hannu ya daɗe bai isa sama ba.

Gajerar igiya ba ta da wannan jinkiri, laima na juyawa nan take, ƙarfinta kuma bai cika yawa ba. Shi ya sa malaman wasan sukan fara ɗora sabon shiga a kanta.