Jirgi mai saukar ungulu a cikin kwali

A ƙasar Faransa akwai kantunan da ake sayar da jirgin sama a cikin kwali. Kwalin ɗan ƙarami ne, yaro yana iya sa shi cikin jakarsa ta lakwal. A bayansa an zana jirgi mai saukar ungulu yana shawagi bisa duwatsu. Amma in aka buɗe, ba za a ga jirgi ba. Sai dai ƴan guntayen roba masu yawa, da takarda mai zane-zane, da wata ƴar takarda mai tambura. Wanda ya saya, shi ne zai haɗa jirgin da hannunsa. Irin wannan ƙaramin jirgi, da Faransanci ana ce masa maquette. Ba ya tashi, ba ya ƙara. Aikinsa guda ne: ya yi kama da babban jirgin sak, ta kowane gefe.

An fara sayar da irin waɗannan jirage na roba a Ingila a shekarar 1936. A Faransa kuwa, kamfanin da ya yi suna da su shi ne Heller, wanda aka kafa a 1957. Cikin jiragen da ya yi akwai Alouette III.

Jirgin gaske

Alouette sunan wani ɗan tsuntsu ne da Faransanci, mai yin kuka yana can sama. Kamfanin Sud Aviation ne ya ƙera jirgin, ya kuma fara tashi ran 28 ga watan Fabrairu na 1959. Yana ɗaukar mutum bakwai har da matuƙi. Gabansa kusan duk gilashi ne, kamar idon mazari. Injinsa yana bisa baya a fili, ba a rufe shi ba. Yana tsayawa bisa ƙafa uku masu taya, ɗaya a gaba, biyu a baya.

Jirgi ne mai son tudu. A 1960 ya sauka bisa ƙololuwar dutsen Mont Blanc, ɗauke da mutum bakwai. Tsawon dutsen nan ya kai wajen metir 4.800, wato ya ninka dutsen Bagzan na ƙasar Ayar fiye da sau biyu. Sojojin ƙasashe da yawa sun yi aiki da shi, har da na Cadi da Kamaru. Ya kai sojoji wurin da mota ba ta zuwa, ya ɗauko masu rauni, ya tsamo waɗanda suka faɗa cikin teku. Jandarmomin Faransa, waɗanda su ma soja ne, sun daɗe suna ceton mutane da shi a cikin duwatsu. Nasu shuɗi ne. Sojojin ruwan Faransa ba su ajiye na ƙarshensu ba sai a ƙarshen shekarar 2022.

Mene ne 1/72?

A jikin kwalin an rubuta 1/72. Wannan shi ne ma'auni, abin da ake kira échelle a darasin taswira. Ma'anarsa, kowane santimetir 72 na babban jirgi ya zama santimetir 1 a jikin ƙarami.

Me ya sa 72, ba 70 ko 100 ba? Turawan Ingila ne suka fara, su kuwa da ƙafa da inci suke awo. Dogon mutum ƙafa shida ne, ƙafa shida kuma inci 72. Ke nan mutum ya koma inci ɗaya.

Ga lissafin. Babbar farfelar Alouette III, in tana juyawa, faɗin da'irarta wajen metir 11 ne, wato santimetir 1.100. In aka raba da 72, za a samu santimetir 15 da ɗan kai, kamar tsawon bik mai marfi. Gangar jikin jirgin wajen metir 10 ce, ta koma santimetir 14. Tsayinsa metir 3, ya koma santimetir 4, bai ma kai tsawon kwalin ashana ba. Matuƙi mai metir 1,80 ya zama santimetir 2,5.

Sharaɗin shi ne a raba kome da kome da lamba guda. In aka raba tsawon jiki da 72, aka raba taya da 50, taya za ta fi ƙarfin jirgin. Ko wanda bai iya lissafi ba, da ya duba zai ce akwai abin da bai daidaita ba. Ido ba ya yarda da ƙarya irin wannan.

Abin da ke cikin kwali

Wanda ya taɓa tsayawa wurin masu zubin tukwanen alminiyam ya san rabin labarin. Suna narka ƙarfe, su zuba cikin gurbin da suka yi da ƙasa, in ya huce sai ga tukunya. Haka ake yi a masana'anta, sai dai gurbin na ƙarfe ne, abin da ake narkawa kuma roba ce mai tauri da ake kira polistiren. Inji ne ke tura ta da ƙarfi ta ƴan hanyoyi har ta cika kowane gurbi. Robar da ta daskare a cikin hanyoyin nan ita ce sandunan da guntayen ke maƙale da su, kamar ƴaƴan itace a jikin reshe. Shi ya sa Faransawa ke kiranta grappe.

Kusa da kowane guntu akwai lamba. Lambar tana jikin reshe, ba jikin guntun ba. Mai garaje da ya cire su duka a tashi ɗaya ya jawo wa kansa wahala, don ba zai ƙara sanin wanne ne na dama, wanne ne na hagu ba. Ana cire guntu ne kawai in lokacinsa ya zo. Ba a murɗe shi da hannu, don yana barin rami ko ya tsage. Da ƴar wuƙa ake yankewa, bakin wuƙar yana kallon waje, nesa da yatsa. Ƙaramin yaro ya bar wa babba wannan aiki. Sannan a goge wurin da takarda mai yashi irin ta kafinta, mai laushi sosai.

Kafin a fara, akan wanke rassan da ruwa da ɗan sabulu, a bar su su bushe. Akwai ɗan maiƙo da ke biyo su daga masana'anta, fenti kuwa ba ya kama maiƙo.

Daga ciki ake farawa

Mai gini ba ya rufe ɗaki sannan ya ce zai shigar da rumbu. Haka nan jirgin. Gangar jikinsa ɓari biyu ce, kamar ƙwarya da aka fafe. Duk abin da zai zauna a ciki, kujeru da sandar tuƙi da allon agogai, sai an shafa masa fenti an liƙa shi tukuna. In aka rufe, an rufe ke nan. A wasu jirage wannan ba kome, don cikin duhu ne. A Alouette III kuwa gilashi ya tona kome: kujerar da ta karkace za ta zauna a karkace, kowa yana gani.

Akwai wani abu kuma da ake yawan mantawa. Nauyin babban jirgi yana wajen injinsa da mutanen ciki. Ƙaramin kuwa duk roba ne, wutsiyarsa ga tsawo. Sau da yawa jirgi mai taya a gaba, in aka gama shi aka ajiye, sai ya zauna bisa wutsiya, hancinsa a sama. Maganin abin shi ne a ɓoye ɗan ƙarfe mai nauyi a gaba, ƙarƙashin daɓen da kujeru ke kai, tun ba a rufe ba.

Gam

Nan ne jirage da yawa ke lalacewa. Gam ɗin wannan aiki ba kamar ƙaro ba ne, wanda ke shiga tsakanin takarda biyu ya riƙe su. Shi narka fuskar robar yake yi. Ɓari biyu su narke kaɗan, su cuɗanya, in suka bushe sun zama abu guda, kamar ƙarfen da mai walda ya haɗa. Saboda haka ɗigo kaɗan ya isa, a ɗebo da bakin tsinke. In ya yi yawa sai ya kwararo waje ya cinye zanen da ke jikin jirgin. In kuma yatsa ya taɓa wurin, shatar yatsan za ta zauna a jikin robar.

Shi ya sa gwanaye ke gwada kowane guntu a wurinsa ba tare da gam ba. In ya zauna daidai, to. In bai zauna ba, a ƙara gogewa. Ba a danna shi da ƙarfi.

Gilashin gaba shi ne abin tsoro. Roba ce mai haske, ta fi sauran saurin tsagewa, kuma guda ɗaya ce a kwalin, babu ta canji. In gam ya taɓa ta sai ta yi fari fat kamar ido mai yana, ba ta ƙara washewa. Duk aikin kujerun da aka yi kwana biyu ana yi ya ɓata. Don haka ake liƙa ta da farin gam na kafinta. Shi ba ya narka roba, in ya bushe kuma ba a ganinsa.

Gam da fenti suna da wari mai sa ciwon kai, kuma suna kama wuta. A yi aikin inda iska ke shiga, nesa da murhu da fitila.

Farfela biyu

Jirgi mai saukar ungulu yana da babbar farfela a bisa, da ƙarama a wutsiya. Babbar ce ke ɗaga shi. Amma in inji ya juya ta gefe guda, gangar jikin tana son ta juya ɗaya gefen. Ƙaramar farfela ce ke tura wutsiya ta hana jirgin yin hajijiya.

Babbar farfelar Alouette III fiffike uku gare ta. Kowane fiffike yana da baki mai kauri, wanda ke sarar iska, da baki mai sirantaka a baya. In aka duba daga sama, farfelar jiragen Faransa tana juyawa yadda hannun agogo ke juyawa. Ta yawancin jiragen Amurka kuwa akasin haka. Wanda ya liƙa fukafukan a juye ya yi jirgin da ko a mafarki ba zai tashi ba. Wani abin lura kuma: in babban jirgi yana tsaye, fukafukansa sukan sunkuyo saboda nauyinsu. Na roba ba su da nauyi, a miƙe suke kamar tsinke. Masu haƙuri sukan tsoma su cikin ruwa mai ɗumi, su lanƙwasa su kaɗan da yatsa.

Ƙananan guntaye irin su taya da matakala, da matsefata ake ɗaukarsu. Gara a shimfiɗa farin ƙyalle a yi aikin a kai. Guntun da ya faɗa cikin rairayi, sai dai a haƙura.

Fenti da tambura

Shafi biyu ko uku marasa kauri sun fi shafi ɗaya mai kauri, don mai kauri yana cike ƴan layukan ƙofa da na taga. Tsakanin shafi da shafi sai an jira ya bushe sarai. A lokacin hunturu ƙura tana sauka bisa ɗanyen fenti, saboda haka a kifa kwano a kai. Kada kuma a shanya jirgin a rana don ya yi saurin bushewa. Zafi yana tanƙwara roba.

Tambura su ne na ƙarshe. Ana yanko ɗaya, a tsoma cikin ruwa na ɗan lokaci, sai ya saki takardarsa, a zame shi a hankali zuwa wurinsa. Tambarin jiragen sojan Faransa da'ira uku ne: ja a waje, fari a tsakiya, shuɗi a ciki.

In babu kwali fa?

Irin wannan kwali yana da tsada, ba kuma a kowane gari ake samunsa ba. Amma yaran da ke yin mota da karan dawa da gwangwanin madara da waya sun riga sun iya yanka da haɗawa. Abin da ya rage musu shi ne awo. Ma'aunin 1/72 ya yi ƙanƙanta ga kara, gara a ɗauki 1/20. A nan gangar jiki za ta zama santimetir 50, tsayi santimetir 15, faɗin farfela santimetir 55. Totuwar kara ta yi jiki, ɓawonsa ya yi fukafukai, tsohon silifa ya yi taya, a yanko farar gorar ruwa a yi gilashi. Matuƙin, in an gina shi da yumɓu, kada ya wuce santimetir 9 a tsaye, in ba haka ba kansa zai bugi rufi.

Aiki

Me ya sa ba a liƙa gilashin gaba da gam ɗin roba?

Faɗin ƙaramar farfelar wutsiya wajen santimetir 190 ne. Santimetir nawa za ta zama a ma'aunin 1/20?

A auna tsawon aji da faɗinsa da tsayin ƙofarsa, a raba kowanne da 20, a zana a ƙasa. Jirgin kara zai iya shiga ta wannan ƙofa?