Gidan Makama Na Kano: Tsohon Gidan Sarauta Da Ya Sami Sabon Aiki

A garuruwa da ƙauyuka da yawa na ƙasar Hausa akwai tsofaffin gidajen sarauta na ginin ƙasa. Wani na hakimi ne, wani na dagaci. Da yawa daga cikinsu sun zama kango. Masu gidan sun yi ginin siminti sun ƙaura, soraye sun tsage, azara ta fito fili, awaki da jemagu sun gaje wurin. Kowace damina sai wani sashe ya faɗi. Ranar da gidan ya gama rushewa kuwa, garin ya yi babbar asara, domin a zauren nan ne kakanni suka yi shari'a, suka naɗa masu unguwanni, suka sauki baƙi.

Shin akwai hanyar da za a ceci irin waɗannan gidaje, kuma jama'a su amfana da su? Akwai. Hanyar ita ce a gyara gidan yadda magina na da suka gina shi, sa'an nan a ba shi wani aiki da mutanen yau suke bukata. Gidan Makama da ke cikin birnin Kano misali ne da kowa zai iya zuwa ya gani da idonsa.

Asalin Gidan

Gidan Makama yana kusa da gidan Sarkin Kano. Masana tarihi suna danganta kafa shi da Muhammadu Rumfa, wanda ya sarauci Kano daga 1463 zuwa 1499. An ce a nan ya zauna yana riƙe da sarautar Makama, kafin ya zama sarki. Rumfa shi ne ya gina fadar da har yanzu ake kira Gidan Rumfa, shi ne kuma ya kafa Kasuwar Kurmi. Sarautar Makama babba ce a Kano, domin Makama yana cikin masu zaɓen sarki.

Ginin ƙasa ba ya shekara ɗari biyar ba a taɓa shi ba. An sha yi wa gidan gyara da ƙari daga zamani zuwa zamani. Da Turawan Ingila suka ci Kano a 1903, sun yi amfani da shi a matsayin ofis na ɗan lokaci. A 1959 gwamnati ta sa shi cikin jerin wuraren tarihi na ƙasa, waɗanda doka ta hana a rushe.

Yadda Aka Raba Shi

An raba gidan kashi uku. Kashi ɗaya aka bar wa gidan sarautar Makama. Kashi na biyu aka mai da shi makaranta. Kashi na uku ya zama gidan ajiye kayan tarihi, ƙarƙashin Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979.

Sashen tarihin yana da ɗakunan nuni 11. A ciki akwai tsofaffin ƙyamaren ƙofofin birni, da kayan yaƙi, da kayan kiɗa, da kayan sana'o'in gargajiya, da hotunan sarakuna da na hawan salla. Akwai bayanin tarihin Kano tun daga zamanin Bagauda, zuwa jihadi, zuwa mulkin Turawa. Akwai kuma ɗakin da aka jere kamar ɗakin amarya ta da. Malamai sukan kawo ɗalibai, baƙi daga wasu ƙasashe ma suna zuwa. Yaron da ya karanta labarin ganuwa a littafi, a nan yake tsayawa gaban ƙyauren ƙofarta. Gani ya kori ji.

Shi kansa ginin abin kallo ne. Mai shiga zai ɗaga kai ya ga bakan gizo da ɗaurin guga, watau dabarar da magina suke yi da azara da ƙasa su rufe babban soro ba tare da ginshiƙi a tsakiya ba.

Dalilin Da Ya Sa Aiki Yake Raya Gini

Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Babban abokin gaban ginin ƙasa shi ne ruwa. Idan indararo ya toshe da ganye ko sheƙar tsuntsu, ruwan sama yakan kwanta a kan soro. Daga nan sai ya ratsa daɓe, ya jiƙa azara, rufin ya yi nauyi ya rufta. Idan kuma ruwa yana kwanciya a gindin bango, sai ya riƙa cin ƙasar daga ƙasa har bangon ya rasa madogara.

Duk wannan ɓarna da ƙaramin abu take farawa. Gidan da ake shiga kullum, mai shara zai ga ɗigon ruwa, mai gadi zai ga hanyar gara a jikin ƙyaure, a gyara da kuɗi kaɗan. Gidan da aka kulle kuwa ba mai gani sai ya faɗi. Shi ya sa ba wa tsohon gida sabon aiki yake ƙara masa kwana.

Gyara Irin Na Magina

Ba kowane gyara ne alheri ba. Mutane da yawa sukan shafe bangon ƙasa da siminti, suna zaton sun huta. Amma ƙasa da siminti ba sa kama juna sosai. Idan simintin ya tsage, ruwa yakan shiga bayansa ya rasa hanyar fita. Daga waje bango yana nan sumul, ciki kuwa ya ruɓe. Wata rana sai simintin ya ɓamɓare, ya tafi da rabin bangon.

Magina na gargajiya suna da nasu kayan aiki. Da tubali suke ɗora bango. Azarar giginya suke sawa a rufi, domin tana da ƙarfi kuma gara ba ta cinta da sauƙi. Suna yin yaɓe da makuba, wadda ake samu daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa, don ta hana ruwa shiga. A kan soro sukan yi amfani da laso, wanda ake haɗawa da katsi na marina, da gashin jima, da dafara. Waɗannan kaya suna barin bango ya sha iska ya bushe bayan ruwa. Da tsohuwar zuma ake magani.

Gaskiya ne wannan gyara yana son a maimaita shi. Yaɓe da share indararo aiki ne na kowace shekara kafin ruwa ya sauka. Magina masu sanin bakan gizo sun ragu, azara ma ta yi tsada saboda an sare giginya da yawa. Amma ginin ƙasa yana da ladansa. Kaurin bangonsa yana sa ɗaki ya yi sanyi da bazara, ya yi ɗumi da hunturu, ba tare da fanka ko lantarki ba. Kuɗin gyaran kuma a hannun magina da leburorin gari yake tsayawa.

Abin Da Ƙauye Zai Iya Yi

Ba kowane gari ne zai buɗe gidan tarihi irin na Kano ba. Amma tsohon zauren hakimi ko na dagaci zai iya zama ɗakin karatu, ko ajin manya, ko wurin taron ƙungiyar manoma, ko wurin koya wa mata da matasa saƙa da ɗinki. A gefe guda a ajiye tsohon tambari, da sirdi, da takobi, da jerin sunayen waɗanda suka sarauci garin.

Kafin a fara, akwai abubuwan kiyayewa.

Na farko, a sami yardar masu gidan da ta masarauta, a rubuta yarjejeniya, don kada rigimar gado ta taso daga baya. Idan gidan yana cikin jerin wuraren tarihi na ƙasa, doka ta hana a sauya shi sai da izinin hukuma.

Na biyu, a ɗauki hotunan gidan, a zauna da dattawa a rubuta sunan kowane soro da abin da ake yi a cikinsa.

Na uku, a zaɓi aikin da ginin zai iya ɗauka. Injin niƙa yana girgiza bango har ya tsage. Takin zamani yana jawo danshi. Man fetur kuwa haɗarin gobara ne ga azara.

Na huɗu, kada a fasa bangon da ke ɗauke da bakan gizo don buɗe babbar taga. Famfo da makewayi a yi su nesa da tsohon gini, a kuma yi wa ruwa hanya ya bar gindin bango.

Na biyar, a sa rana guda kowace shekara, bayan an gama girbi, a yi aikin gayya na yaɓe. A gayyaci tsofaffin magina su jagoranci aikin, samari su tsaya kusa da su su koya.

Jama'ar da ke da irin wannan gida ya kamata su fara tun da rani. Mai unguwa da dattawa su kewaya shi tare da magini, a duba indararo da gindin bango, a toshe inda ya tsage kafin ruwan farko. Daga nan sai a zauna a yi shawarar aikin da za a ba shi.