Yaya rauta ke gane matakin sigina? Karanta kafin ka sayi Wi-Fi 7

Jama'a, a bidiyon da ya gabata da yawanku sun yi tambaya: me ya sa rautar Wi-Fi 7 ke gudu idan kana kusa, amma da ka shiga ɗaki na gaba sai ta koma kamar tsohuwa? Amsar tana cikin yadda na'ura mai karɓa ke tantance matakin sigina.

A tsari mafi sauƙi matakai biyu ne kawai, sama ko ƙasa, wato 1 ko 0. Da aka buƙaci ƙarin gudu sai aka ƙara matakai. PAM4 na da huɗu: -3, -1, +1, +3, kowanne na ɗauke da bit biyu. Da shi Ethernet mai 400G ke aiki a manyan cibiyoyin bayanai irin na Ashburn, wanda daga nan Annandale bai kai awa ɗaya a mota ba. Haka ma PCIe 6.0 da ya fito a 2022.

To ga matsalar. Mai karɓa na ja layin iyaka a -2, 0 da +2. A ce waya ta cinye rabin ƙarfin siginar: +3 ya iso a matsayin +1.5. Ka ga ya faɗo ƙasan layin +2, sai a karanta shi +1. Bayani ya lalace ke nan.

Kunnenka ya daɗe da warware irin wannan. "Wuya" na jiki da "wuya" ta wahala, karin sauti ne ya bambanta su. Sautin sama na dattijo yana iya zama ƙasa da sautin ƙasa na yaro, amma ba ka rikicewa, don tun daga sallamarsa ka auna muryar. Na'ura ma haka take yi:

1. Sallama. Kowane ƙunshin Wi-Fi na farawa da sigina da ɓangarorin biyu suka riga suka sani. Da ita da'irar AGC ke ƙara ko rage ƙarfi har ya daidaita.
2. Gyaran hanya. Mai karɓa na kwatanta abin da ya iso da abin da ya san an aiko, ya lissafa ɓarnar bango da nisa, ya warware ta.
3. Yanke hukunci. Kowane ma'auni ana ba shi matakin da ya fi kusa da shi. An jera lambobin 00, 01, 11, 10, don idan aka zame zuwa maƙwabci bit ɗaya kawai ya ɓaci, lambobin gyaran kuskure su gyara.

Amma fa akwai farashi. Tazarar matakan PAM4 kashi ɗaya cikin uku ce ta mai matakai biyu, asarar kusan dB 9.5. Wi-Fi 7 kuwa na kaiwa 4096-QAM: matakai 64 a kowane gefe, bit 12 a alama guda. 'Yar hayaniya kaɗan ta isa ta haɗe su, sai rautar ta sauka zuwa 256-QAM ko 64-QAM da kanta.

Shawarata: idan gidanku na bulon siminti ne, kamar gidaje da yawa a Kano da Zariya, fara da sa rautar a tsakar gida a sarari, ko ka ja waya zuwa ɗaki na biyu. Adadin da ke jikin kwali, ko wanda ke tsaye kusa da ita da wuya ya same shi cikakke.