Daga Karatun Gida Zuwa Makarantar Sakandare

A Gusau da Tsafe da Bunguɗu akwai yara da yawa waɗanda a gida suka yi karatunsu. Wani mahaifinsa malami ne, a zaure ya koya masa allo har ya sauke. Wata kuma uwarta ce ta shiga ajin yaƙi da jahilci, duk abin da ta koyo da rana sai ta koya wa 'yarta da dare. Yau ga su sun kai shekara 12 ko 13, iyaye suna tambaya: shin yaron da bai zauna ajin firamare ba zai iya shiga sakandare? Amsa ita ce zai iya, amma sai an bi hanya.

Me ya sa suka zauna gida?

Ba duka ne don ƙin boko ba. A shekarar 2020 cutar korona ta sa aka rufe makarantu wata da watanni. A ranar 26 ga Fabrairu 2021 aka sace ɗalibai mata 279 a makarantar Jangebe. A watan Satumba na shekarar aka sake kwashe ɗalibai a Kaya ta ƙaramar hukumar Maradun, gwamnati ta rufe makarantun jiha. Iyaye da yawa sun tsorata. Wasu kuma rashin tsaro ya tashe su daga ƙauyukansu, karatun yara ya yanke.

Karatun gida ba abin raini ba ne. Nana Asma'u 'yar Shehu Usman Ɗanfodiyo a gida ta yi karatu, har ta zama malamar malamai. Yaron da ya saba da hadda yana da riƙo, yana da ladabi, ya san zama gaban malami. Wannan jari ne babba. Sai dai yau ba a shiga Kwalejin Kiwon Lafiya ta Tsafe ko Jami'ar Tarayya ta Gusau da shaidar zaure. Sai da takardar gama sakandare, mai kyakkyawan sakamako a Turanci da Lissafi. In muna son 'ya'yanmu mata su zama ungozoma da ma'aikatan asibiti a ƙauyukanmu, to, wannan ita ce ƙofar.

Abin da doka ta ce

An ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya a Sakkwato a shekarar 1999, aka yi masa doka a 2004. Dokar ta ce kowane yaro zai yi karatun shekara 9 kyauta kuma dole: shekara 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare. Saboda haka shiga ƙaramar sakandare haƙƙin ɗanka ne, ba alfarma ba. Bayanta akwai shekara 3 na babbar sakandare, inda ake gamawa da jarrabawar WAEC ko NECO. Masu bin ɓangaren Larabci da addinin Musulunci suna da jarrabawar NBAIS.

Mataki na farko: a gwada yaro

Kada a kai yaro aji saboda tsawonsa ko shekarunsa. A fara sanin inda ya tsaya. Ka ba shi wannan jarida ya karanta maka shafi guda. Ka ce ya rubuta wa kawunsa wasiƙa. Ka tambaye shi: in an sayar da tiya 7 ta gero, kowace a kan kuɗi kaza, nawa aka samu? In an raba kuɗin ga mutum 4, nawa kowa zai ɗauka? Sa'an nan ka nemi malamin firamare ya gwada shi a Turanci.

Nan ne yawancin yaran gida suke da rauni. A sakandare da Turanci ake koyar da yawancin darussa, da shi ake rubuta jarrabawa. Yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa yana iya zama kamar kurma a aji don bai ji abin da malam yake faɗi ba. Bayan wata biyu sai ya fara gudun makaranta, a ce ba ya da ƙoƙari, alhali gaggawar iyaye ce ta kayar da shi.

Mataki na biyu: a bi ta gada

Hanya biyu ce. Ta farko, uba ya je wurin hedimasta na firamare mafi kusa, ko ofishin Sakataren Ilimi na ƙaramar hukuma. Za a gwada yaro a sa shi ajin da ya dace, ko aji 4, ko 5, ko 6. Daga nan ya zauna jarrabawar shiga sakandare tare da 'yan ajinsa, ya sami takardar gama firamare.

Ta biyu ta fi dacewa da wanda ya girma, yana jin kunyar zama da ƙannensa. Shi sai ya zo ajin Hukumar Ilimin Manya. Ajin farko yana daidai da firamare 1 zuwa 3. Aji na gaba yana daidai da firamare 4 zuwa 6. Wanda ya gama ana ba shi takardar shaida, da ita zai nemi gurbi a ƙaramar sakandare.

Shekara guda da aka ɓata a kan gada ba asara ba ce. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Mataki na uku: takardu da kaya

A tanadi takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, da hotuna ƙanana, da takardar gama firamare ko ta ajin manya. A lura sunan yaro da na mahaifinsa su zama iri ɗaya a kowace takarda. Yaron da yake Sani Garba a wata takarda, Muhammadu Sani a wata, zai sha wahala ranar jarrabawar ƙarshe.

Sabuwar shekarar karatu tana farawa ne a watan Satumba, kafin amfanin gona ya gama shigowa gida. Ko da ba a biyan kuɗin makaranta, akwai yunifom da takalmi da littattafan rubutu. Mai dabara tun da kakar bana yake ware buhu guda ko akuya guda saboda baɗi.

Bayan ya shiga

A gida malami ɗaya ne, kuma yana jiran yaro har ya gane. A sakandare kowane darasi da malaminsa, in an buga ƙararrawa an wuce, kuma ajin cike yake da yara. Zangon farko yakan yi wuya. In sakamako bai yi kyau ba, kada a doke shi, kada a cire shi.

Ga abin da iyaye za su yi. A ba shi lokacin aikin gida da dare, da fitila mai haske. A rage masa talla da kiwo a ranakun makaranta, har da ranar kasuwa. Yarinya ta tafi tare da ƙawaye, ta dawo tare da su. Wanda hankalinsa bai kwanta da makarantar kwana ba, ya nemi ta jeka-ka-dawo mafi kusa. Uba ya riƙa zuwa taron iyaye da malamai, ya san malamin ajin ɗansa ido da ido. Uwa ko da ba ta jin Turanci, ta buɗe littafinsa kullum ta ce ya fassara mata abin da aka koya masa. Wanda ya bayyana darasi da bakinsa, ya zauna masa ke nan.

Karatun allo kuma kada a ajiye shi. Asuba da bayan La'asar suna nan, ga Asabar da Lahadi. Ɗaya ba ya korar ɗaya.

Duk mai yaro irin wannan, ya tuntuɓi malamin ajin manya na garinsu ko ofishin ilimi na ƙaramar hukumarsa tun kafin zango na uku ya ƙare. Wanda ya karanta wannan bayani, ya karanta wa maƙwabcinsa. Allah ya yi wa zuri'armu albarka, ya ba mu zaman lafiya a jiharmu, amin.