Maganaɗisu a kan ƙwaƙwalwa: yana maganin matsananciyar fargaba kuwa?

Idan aka ce wa mutumin Ajingi ko Gaya za a "jona wa ɗan'uwansa wuta a ka" a asibiti, azaba ce za ta fara zuwa masa a rai. Amma hanyoyin zaburar da ƙwaƙwalwa sun kasu kashi-kashi, kuma gara a rarrabe su kafin a tsorata, ko kafin a sayar da akuya a tafi nema.

Ciwon fargaba ya wuce faɗuwar gaban da kowa ke ji lokaci-lokaci. Mutum ne zai yi watanni zuciya na dukan uku-uku, ga gumi, ga rashin barci, kullum yana jiran mugun abu ya faru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 301 ke fama da shi a 2019, kuma kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai ke samun magani. A can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe, amigdala, mai aiki kamar maigadi da usur. Sashen da ke bayan goshi kuma shi ne dattijon gidan da zai leƙa ya ce, "Ku kwanta, mage ce ta ture kwano." A mai ciwon fargaba, usur ya cika ƙara, muryar dattijon ta yi rauni.

Wannan dattijon ake son ƙarfafawa da na'urar TMS, wadda Anthony Barker da abokan aikinsa suka fito da ita a Sheffield ta Ingila a 1985. Ana ɗora naɗaɗɗiyar waya a kan fatar kai, ta riƙa sakin ƙarfin maganaɗisu a gajeren bugu. Maganaɗisun ya ratsa ƙoƙon kai, ya haifar da 'yar wutar lantarki a ƙwayoyin jijiya. Zurfinsa bai fi santimita biyu zuwa uku ba, don haka ba ya kaiwa ga amigdala kai tsaye, sai dai ta hannun sashen goshi. Majiyyaci yana zaune ido biyu, babu allurar barci, sai ƙarar tak-tak-tak. Ciwon kai ne illar da aka fi gani. Jijjiga irin ta farfaɗiya kan faru amma da wuya ƙwarai, kuma ba a yi wa mai ƙarfe a cikin kai.

To, yana aiki? Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da TMS don ciwon damuwa a 2008, don ciwon waswasi a 2018, sannan a 2021 don fargabar da ke tare da ciwon damuwa. Ku lura da wannan na ƙarshen: fargaba mai rakiyar damuwa aka ce. Ga fargaba ita kaɗai, yawancin gwaje-gwajen ƙanana ne, sakamakonsu yana ba da fata amma bai kai a mai da shi maganin farko ba.

Ainihin "jona wutar" da mutane ke tsoro shi ne ECT, wanda Ugo Cerletti da Lucio Bini suka fara a Rum a 1938. Ƙa'idar yau ita ce a yi shi da allurar barci da maganin sake tsoka. Yana ceton rai a damuwa mai tsananin da mutum ya daina ci ko yake neman kashe kansa, yakan kuma jawo mantuwa. Fargaba zalla ba aikinsa ba ce. Akwai kuma dasa waya cikin ƙwaƙwalwa ta hanyar tiyata, wanda Amurka ta ba izini na musamman a 2009 don waswasin da ya gagari komai.

Yanzu a yi lissafin mutumin Ajingi. TMS na buƙatar zuwa kwana biyar a mako, na mako huɗu zuwa shida, wato zuwa 20 zuwa 30. Ko a ce na'urar tana jiransa a birnin Kano, kowace safiya sai ya bi ta Gaya, ya ratsa Wudil, ya dawo. Idan damina ce, wa zai yi masa noma? A ganina wannan lissafin ya fi tambayar ingancin na'urar nauyi, sai dai ba a cika kawo shi a takardun bincike ba.

Abin da hujja ta fi ƙarfi a kansa ya fi kusa kuma ya fi araha: magunguna irin su sertraline, waɗanda kan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin a ji sauƙi sosai, da zaman tattaunawa da ƙwararre mai koya wa mutum yadda zai fuskanci tsoronsa. Da yawa a mako na biyu suke ajiye maganin, su ce bai karɓe su ba. Wasu kuma su koma sayen diazepam a kemis, wanda ke kwantar da hankali nan take amma ya zama jaraba.

Likita zai fara duba ko ƙabar wuya ce ke aiki fiye da kima, ko tiramadol, ko yawan goro da kofi, don duk suna iya kawo bugun zuciya da fargaba. Idan abin ya ƙi ci, daga babban asibitin Gaya ana iya neman takardar turawa zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau.