Ba Ɗaga Waya Ke Kwashe Asusu Ba

Lokaci-lokaci sai saƙon murya ya zaga zaurukan WhatsApp: kada ka ɗaga kiran lamba kaza, kana cewa salamu alaikum an kwashe kuɗin asusunka. Ana ta turawa har da haɗa mutane da Allah. Wannan ji-ta-ji-tar tana ba ni haushi, domin ta sa jama'a tsoron abin da ba ya cizo, sun bar mai cizon yana yawo.

A watan Afrilun 2021 aka baza bayanan masu amfani da Facebook miliyan 533 daga ƙasashe 106 a intanet, kyauta, ciki har da na 'yan Najeriya kimanin miliyan 9. An kwashe su ne ta wata kafa a tsarin nemo abokai da lambar waya, wadda kamfanin ya ce ya toshe tun 2019. A Nuwamban 2022 hukumar kare bayanai ta ƙasar Ailan ta ci kamfanin Meta, mamallakin Facebook, tarar Yuro miliyan 265 a kan lamarin. Babu kalmomin sirri a cikin abin da ya fita, shi ya sa da yawa suka ce to ai da sauƙi. Amma akwai suna, lambar waya, gari, wasu har ranar haihuwa. Kalmar sirri ana canza ta cikin minti guda. Ranar haihuwa fa?

Da waɗannan ɗan damfara ke cin kasuwarsa. Zai kira ka da cikakken sunanka, ya faɗi garinku, ya ce daga banki ne, ko ya ce ana shirya taron tsofaffin ɗalibai, an turo maka lambobi shida, ka karanto masa. Tamkar baƙo ne da ya yi sallama ya ambaci sunan mahaifinka da na kakanka: ka san ba ka san shi ba, amma kunya ta sa ka shimfiɗa masa tabarma. Kana karanto lambobin, WhatsApp ɗinka ya koma wayarsa, ya shiga roƙon 'yan uwanka rance da sunanka. Ko da za ka yi awa guda kana hira da shi, in ba ka faɗi lambobin ba, ba abin da ya samu.

Sai ɗabi'ar kalmar sirri ɗaya a ko'ina. Bayan bayanan da aka sace daga LinkedIn a 2012 sun shiga kasuwa a 2016, har shafukan shugaban Facebook, Mark Zuckerberg, na Twitter da Pinterest aka yi wa kutse ta wannan hanyar.

Najeriya ta samu dokar kare bayanai a watan Yunin 2023, da hukumarta, NDPC. Madalla. Sai dai har yanzu ofisoshi na karɓar kwafin katin ɗan ƙasa su jibge a kwali, ba mai tambayar ina yake ƙarewa.

Don haka mai karatu, shiga saitin WhatsApp ka kunna tabbatarwa ta mataki biyu, ka sa wa layinka lambar sirri, ka ware wa imel da manhajar banki kalmar sirri daban-daban. In layinka ya ɗauke haka kawai, kada ka jira gobe, ta yiwu wani ne ya yi masa welkam bak, wato ya karɓi sabon sim da lambarka: sanar da banki da kamfanin layin a ranar. Lambar da aka turo maka kuwa, ko muryar yayanka ka ji, kada ka karanto.