Rai Amana Ne: Mutanen Labari da Su ke Son Mutuwa, Wajibi Ya Tsare Su

Abin da mu ke nufi a wannan takarda shi ne mu duba wani irin mutum da a kan tarar a cikin ƙagaggun labaru, watau wanda duniya ta ishe shi har mutuwa ta fi masa sauƙi, amma wani nauyi da ke wuyansa ya hana shi tafiya. Za mu nuna cewa mawallafin Hausa yana da tasa hanyar zana irin wannan mutum, mu kuma kawo tarihin Zango ta ƙasar Daura, don ya haskaka mana dalili.

Murya biyu ce ke jayayya a zuciyar irin wannan mutum. Ta fari ta baƙin ciki ce ko ta kunya, wadda ke cewa zaman ya ƙare, ba sauran amfani. Ta biyu ta amana ce. Bahaushe ba ya ɗaukar ransa a kan dukiyarsa ta kansa. Ajiya ce aka ba shi, iyaye da 'ya'ya da talakawa duk suna da hakki a cikinta. Ga kuma shari'a, wadda ta haramta wa mutum kashe kansa, kamar yadda ya zo a Suratun Nisa'i, aya ta 29, hadisi kuma ya hana ko da burin mutuwa saboda wata cuta da ta sami mutum. Saboda haka ƙofar da ke buɗe ga mawallafan waɗansu ƙasashe a rufe ta ke ga namu. Tilas ya nemi wata dabara.

Misalin da ya fi kyau yana cikin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗaya daga cikin littattafan da gasar R. M. East ta 1933 ta haifar a Zariya, aka buga shi a 1934. Masu karatu sun fi kula da Umar kansa, wanda aka sace yana yaro, ya faɗa hannun Balarabe Abdulkarim, ya tashi ya zama babban malami. Amma a ganinmu nauyin littafin yana kan uwarsa. Mijinta na fari ya rasu. Na biyu, Makau, mahassada sun yi masa ƙulli a fada, an kore shi daga gari. Sa'an nan ɗanta ya ɓace. Mace ce 'ya, amma ta bar gida ta bi sawun yaron, aka yaudare ta, aka sayar da ita baiwa, ta ƙetare hamada zuwa ƙasar Larabawa. Kowane mataki ya rage mata wani abu: miji, gida, 'yanci, lafiya. Ba abin da ya saura gare ta na jin daɗin duniya.

To, me ya riƙe ta? Ba sa rai ga daɗi ba ne, gama ba ta da shi. Bashi ne da ta ke jin ɗanta yana binta. Shaidar wannan kuwa ita ce yadda mawallafin ya ƙare da ita: da Allah ya sada ta da Umar, ba ta daɗe ba ta cika. Ba a ba ta shekarun hutawa a gidan ɗanta malami ba, ko da ya ke mai karatu zai so haka. Mutuwa ta daɗe tana jira a bakin ƙofa, amana ce ta hana ta shiga; da aka sauke amanar sai aka yi mata iso.

In muka gwada wannan da ƙarshen wasan Hamlet na Shakespeare, wanda aka rubuta wajen 1600, sai bambancin ya fito sarari. Can, da Horatio ya ga abokinsa yana mutuwa, sai ya kai hannu ga ƙoƙon guba don ya bi shi. Hamlet ya ƙwace, ya roƙe shi ya dakata a duniya don ya ba da labarin gaskiyar abin da ya faru. Wajibi ne ya tsare shi, kamar yadda ya tsare uwar Umar. Amma a wasan Ingilishi an faɗi burin da baki, an miƙa hannu a gaban jama'a. A labarin Hausa kuwa kara da kunya da addini sun rufe bakin. Sai dai a karanta abin a jiki, a ramewa, da doguwar tafiya, da lokacin da ajali ya zo. Wanda ya nemi kalmar kawai zai ce babu wannan jigo a adabinmu, alhali kuwa yana nan, a lulluɓe.

Mutanen Zango ba sa bukatar dogon bayani a kan wannan, domin garinsu kansa a kan irin wannan zaɓi aka kafa shi. Sa'ad da jihadi ya kai Daura wajen 1805, Malam Isiyaku ya karɓi garin, Sarkin Gwari Abdu ya fita da jama'arsa. Ga sarkin da ya rasa birnin kakanninsa, faɗuwa a bakin ganuwa ta fi sauƙi a bakin maroƙa. Amma da gidan ya ƙare a nan, da sarautar ta ƙare tare da shi. Suka zaɓi zaman gudun hijira. Wajen 1825 Lukudi ya kafu a Zango, wani reshe kuma ya zauna Ɓaure. Suka jure zama ƙarƙashin inuwar Damagaram, suna riƙe da sunan Sarkin Daura a wajen Daura, har 1906, lokacin da Turawa suka mai da Malam Musa birnin. Shekara wajen 100 ke nan. Ko sunan garin abin lura ne, gama zango a Hausa masaukin fatake ne, inda a kan kwana a tashi. Waɗanda suka fita ba su ga komawa ba. Sun rayu ne don jikokinsu su gani.

Wannan ya nuna mana cewa mawallafin bai ƙago halin uwar Umar daga iska ba. Ya ɗauko shi ne daga abin da jama'a ta riga ta sani, cewa haƙuri ba rashin zuciya ba ne, wani lokaci ma shi ne jaruntakar da ta fi tsada, domin ba a yi mata kirari.

Shawararmu ga malaman makarantun horon malamai ita ce, in an zo karanta irin waɗannan littattafai, kada a tsaya ga tambayar wa ya mutu, wa ya tsira. A tambayi ɗalibai: amanar wa ke hannun wannan mutum, yaushe kuma ya sauke ta? A nuna musu cewa karin maganar nan, in da rai da rabo, ba kullum rabon mai ran a ke nufi ba. Sau da yawa rabon wani ne ya ke ɗauke da shi.